Masu koyar da harbi kyauta a kasuwannin bindiga na Amurka: wurin ya dace, darasin ne da saura

Sau biyu a shekara ake cin wata kasuwa a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, wadda masu shirya ta ke cewa babu kamarta a duniya. Tebur sama da 4,000 ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, kusan dukkansu bindigogi da harsasai da wuƙaƙe da tsoffin kayan soja. Ba Tulsa kaɗai ke da irin wannan baje koli ba. Wani rahoton Ma'aikatar Shari'a ta Amurka na 2007 ya ƙiyasta cewa ana yin tsakanin 2,000 zuwa 5,200 a kowace shekara, yawanci ranakun Asabar da Lahadi. A cikin wannan hada-hada, tsakanin mai sayar da kube da mai tallan kilishi irin nasu, akan tarar da tebur guda da babu bindigar sayarwa a kansa. Takardun gayyata ne kawai, da allon harbi da ya sha harsashi, da mutum biyu ko uku masu tare 'yan kasuwa suna kiransu su zo su koyi harbi.

Daga cikin masu irin wannan tebur akwai 'yan wani shiri mai suna Project Appleseed, wanda ya faro a 2006 a ƙaramin garin Ramseur na jihar North Carolina, ya kuma bazu kusan ko'ina a ƙasar. Malamansa aikin sa-kai suke yi, babu albashi. Da launin hula ake gane matsayinsu: mai koyon koyarwa ruwan lemo, cikakken malami ja, shugaban fili kore. Horon kwana biyu ne. Ana harbi daga nisan mita 25, amma an ƙanƙanta hotunan da ke kan allon yadda za su yi daidai da abin da ke nisan yadi 100 har zuwa 400. Ɗalibi zai harba a tsaye, a zaune ko a durƙushe, sannan a kwance rub da ciki, ya koyi ɗaure hannu da maratayin bindiga, ya koyi daidaita numfashi kafin ya taɓa kunama. Jarrabawar harsashi 40 ce, maki 250. Wanda ya ci 210 ake ba wa tambarin gwani ya liƙa a riga, kuma da yawa sai sun sake dawowa kafin su same shi. Mafi yawan ɗalibai da ƙaramar bindiga mai harsashin .22 suke zuwa, don ta fi arha kuma ba ta da bugu.

Ra'ayina shi ne sun yi daidai da suka kafa tebur a can. Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Daga farkon 2019 zuwa Afrilun 2021, mutum kusan miliyan 7.5 ne suka mallaki bindiga a karon farko, kusan rabinsu mata. Dokar tarayya ba ta ce sai mutum ya yi horo kafin ya saya ba, wasu jihohi ne kawai suka sa wannan sharaɗi. Wani bincike da aka buga a 2017 ya gano cewa kashi 61 cikin ɗari na masu bindiga ne suka taɓa samun horo na sosai. Sauran fa? Suna nan da makami a gida, abin da suka sani kawai shi ne abin da baba ko aboki ya nuna musu, ko abin da suka gani a fim. Irin wannan mutumin ba zai halarci taron masu adawa da bindiga ba, ba zai karanta takardar likitoci ba. Amma zai zo kasuwa. Wanda yake son ya gyara masa riƙo, dole ya same shi inda yake.

Kuma abin da ake fara cusa wa ɗalibi a filin ba saiti ba ne. Ƙa'idoji huɗu ne da ake maimaitawa har sai sun zauna: bakin bindiga kullum ya kalli inda babu haɗari, kada a ɗura harsashi sai an ba da umarni, yatsa ya nisanci kunama sai an daidaita saiti, sannan kowa ya sa ido a kan na kusa da shi. Ta huɗun ce ta fi burge ni, domin ta mai da yaro ɗan shekara goma sha biyu mai ikon tsawata wa dattijo idan ya ga ya karkata bindiga. Ban ga yadda za a yi mai hankali ya ce wannan ɓarna ce ba.

Masu suka suna cewa matsalar ba darasin ba ne, kasuwar ce. Suna da abin faɗa. Tun 1998 duk dillali mai lasisin tarayya wajibi ne ya binciki tarihin mai saye ta na'urar hukumar FBI, ko a shago ko a baje koli. Amma mutumin da ya zo da bindigarsa ta gida ya sayar, dokar tarayya ba ta ɗora masa wannan nauyi ba. Uku daga cikin bindigogi huɗu da aka yi kisan makarantar Columbine da su a 1999, a irin wannan kasuwa aka saye su kusa da birnin Denver na jihar Colorado, daga hannun masu sayarwa marasa lasisi. Shekara guda bayan haka masu zaɓe a Colorado suka toshe wannan kafa a jiharsu, wasu jihohi ma sun yi hakan, wasu kuma har yau ba su yi ba. Sai dai akwai wani adadi da masu sukar ba su cika ambata ba. Da hukumar ƙididdiga ta Ma'aikatar Shari'a ta tambayi fursunoni a 2016 inda suka samo bindigar da suke riƙe da ita lokacin laifi, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne suka ce a baje koli. Kashi 43 a kasuwar bayan fage suka samu, kashi 25 daga dangi ko abokai. Gaskiya ne bindigar da ta ƙare a bayan fage tana iya kasancewa daga baje koli ta fito. Ko da hakan ne, gyaran aikin majalisa ne. Korar malamin sa-kai daga zauren ba zai hana cinikin bindiga ko ɗaya ba, illa dai ya rage mutum guda da ke maganar kiyaye rai a wurin.

Koyar da farar hula harbi ma ba sabon abu ba ne a can. Ƙungiyar NRA ta masu bindiga, kafin ta zama giwar siyasa, tsoffin hafsoshin yaƙin basasa ne suka kafa ta a 1871 saboda takaicin yadda sojojinsu ba su iya saiti ba. A 1903, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, gwamnati da kanta ta kafa hukumar ƙarfafa wannan horo, wadda aka miƙa wa wani kamfani mai zaman kansa a 1996.

Inda nake da ja da su shi ne a kan abin da teburin ya yi shiru a kansa. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, bisa alƙaluman hukumar lafiya ta CDC. Daga ciki 26,328 kansu suka kashe, 20,958 kashe su aka yi, 549 kacal ne suka mutu ta hanyar kuskure. Ƙa'idoji huɗun nan, duk kyawunsu, wannan 549 ɗin suke karewa. Sannan doguwar bindigar da ake koyarwa da ita ba ita ce ta fi ɗaukar rayuka ba. Alƙaluman FBI na 2019 sun nuna kisan kai 6,368 da ƙaramar bindigar hannu, 364 da doguwa, ko da yake akwai dubbai da ba a rubuta irin makamin ba. Tun 2020 kuma bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar, ta wuce haɗarin mota. Mutum yana iya cin maki 250 cif, ya koma gida ya jingine bindiga a bayan ƙofa da harsashi a ciki, ɗansa mai fama da damuwa ya san inda take. Tambarin gwani bai amfane shi da komai ba a wannan daren.

Cibiyar RAND, wadda ta daɗe tana tace binciken da aka yi kan dokokin bindiga, ta ce babu gamsasshiyar hujja tukuna cewa tilasta horo yana rage mace-mace. Amma ta samu hujja mai ƙarfi cewa dokokin hana yara kaiwa ga bindiga suna rage kashe kai da raunin kuskure a tsakanin matasa. Ma'ana, kwaɗo da akwatin ƙarfe sun fi gwanintar saiti ceton rai. Kuma masu bindiga da kansu sun nuna ana iya yin wannan magana ba tare da faɗa ba. A New Hampshire, bayan mutum uku sun sayi bindiga a shago ɗaya cikin mako guda a 2009 kowannensu ya kashe kansa, masu shaguna da ma'aikatan lafiya suka haɗu suka fara ilimantar da masu saye. A jihar Washington akwai masu zuwa baje kolin bindigogi takanas, su zauna da mutane su yi maganar kulle makami da lura da ɗan uwan da ya shiga ƙunci, su kuma ba da abin kullewa.

Na san amsar da 'yan Appleseed za su bayar: kowa da kiwon da ya karɓe shi, su saiti da tarihi suka sa a gaba. Da zan karɓi wannan da a ce kulob ne na wasa kawai. Amma su da bakinsu suke cewa burinsu farkar da ɗan ƙasa ya san nauyin da ke kansa. Wanda ya ɗauki wannan da'awa ba zai ce ajiyar bindiga a gida ba huruminsa ba ne.

Sai batun tarihin, wanda shi ne rabin shirin. A lokacin hutun rana malamai kan ba da labarin 19 ga Afrilu 1775, mafarin yaƙin neman 'yancin kan Amurka, ranar da sojojin Ingila kusan 700 suka fito daga Boston zuwa Concord don ƙwace makaman mutanen gari. Ana ambaton mutum takwas da suka faɗi a dandalin garin Lexington da ke kan hanyar, da Kyaftin Isaac Davis da aka harbe a gadar Concord, da tsoho Samuel Whittemore mai shekara 78 wanda aka harba aka sossoke da banati aka bar shi a matsayin gawa, amma ya rayu shekara 18 bayan nan. Labari ne mai daɗin ji, kuma ƙungiyar ta ce ba ruwanta da siyasar yau, darasinta shi ne a fita zaɓe a shiga harkar gari. A filin horo, inda ake da kwana biyu, ana iya kai labarin har wannan gaɓa. A tebur minti biyu ake da shi, kuma abin da mai wucewa zai riƙe shi ne ranar da talakawa suka buɗe wa sojan gwamnati wuta. Kada a manta Timothy McVeigh, wanda ya tayar da bam ɗin da ya kashe mutum 168 a Oklahoma City a 1995, ya yi ta yawo a irin waɗannan kasuwanni yana sayar da takardun ƙin gwamnati. Yawancin masu zuwa ba irinsa ba ne ko kusa, amma mai talla ba ya zaɓar wanda zai ji shi.

Ni a karatuna ma, ranar ba ta goyi bayan masu cewa saiti ne ya ci yaƙi ba. 'Yan gari kusan 4,000 sun wuni suna harbi, sojan Ingila 73 suka kashe. Abin da ya razana Ingila shi ne tsari: mahaya da suka tashi garuruwa cikin dare, da rundunonin da ke ƙarƙashin taron gari, masu zaɓen hafsoshinsu da kansu. Wannan ya kamata masu kafa hujja da Amurka a muhawarar Najeriya su lura da shi, kamar lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce a 2022 jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan fashin daji. Malamin Appleseed takarda yake koya wa mutane harbi, a fili mai shinge, a garin da ake kiran 'yan sanda su zo. Ba maganin rashin tsaro yake sayarwa ba, kuma ƙasarsa da duk bindigoginta ta fi sauran ƙasashe masu arziki yawan kisa.

Don haka su ci gaba da kafa teburin, su ma ƙara yawansa. Amma a bar labarin Lexington sai an je fili, a fara wa mai wucewa da tambayar inda yake ajiye bindigarsa da wanda ke iya kaiwa gare ta. Kuɗi ma ba zai zama uzuri ba. Ƙungiyar masu ƙera bindigogi ta NSSF tana raba kwaɗo kyauta ta hannun ofisoshin 'yan sanda tun 1999, kuma lambar 988 ta masu neman agaji a halin ƙunci tana aiki a duk faɗin ƙasar tun Yulin 2022, layi ɗaya za ta ci a ƙasan takardar gayyata.