Ranar da Na Nemi Baƙar Wuta a Kicin

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma shirin darasi ne ya ja mini wannan abin kunya. Zan koya wa yara abin da masana kimiyya Kirchhoff da Bunsen suka gano a Heidelberg ta Jamus a 1859: tururin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, yana shanye ainihin hasken ruwan ɗorawar da shi kansa yake fitarwa, mai tsawon zango nanomita 589 a ma'aunin launin haske. Da wannan aka warware sirrin baƙaƙen layukan da masanin kimiyya Fraunhofer ya gani tun 1814 a hasken rana da ya rarraba shi launi-launi. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in ka zuba gishiri a harshen wuta ka haska shi da fitilar sodiyam, harshen zai yi duhu kamar inuwa. Baƙar wuta! Na ce wallahi sai na gwada a gida kafin in shiga aji.

Fitilar sodiyam irin ta kan titi ba ni da ita, sai na je wajen mai kayan wuta ya ba ni kwan LED mai ruwan ɗorawa. "Ai duk ɗorawa ɗaya ce, Malam," in ji shi. Na yarda.

Maman yara ta tafi biki. Na rufe ƙofar kicin, na kunna kwan, na kunna rishon gas, na barbaɗa gishiri. Wuta ta koma ruwan ɗorawa, ta tsaya nan. Na ƙara. Na ƙara cokali guda. Gishiri na ta tas-tas yana tsalle, ni kuwa na tsuguna gaban risho, gumi na zuba, ina ta cewa, "Yi baƙi mana! Yi baƙi!"

Ashe Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, tana tsaye a bakin taga.

"Innalillahi! Malam, wa ake jifa?"

"A'a Hajiya, sodiyam nake so ya shanye hasken."

Ta yi shiru, ta gyara mayafi. "Shi Sodiyam ɗin ɗan ina ne? Me ya tare maka?"

Sai da ta tafi na tuna abin da nake faɗa wa ɗalibai da bakina: tururin ba ya shan kowace ɗorawa, siririn layinsa kaɗai yake sha. Kwan LED kuwa haskensa a baje yake, ko tururin ya sha nasa sauran na nan.

Maman yara ta dawo ta tarar da ramukan risho a toshe, robar gishiri wayam. Miyar kukar daren nan lami muka sha ta, ba wanda ya ce uffan.

Ran Juma'a bayan an sallame, liman ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna, ya ce a kawo masa yaron nan Sodiyam a sasanta mu.