Na yi shakka, amma har yanzu ni Kirista ne

Wani abokina da muka yi karatu tare, mutum mai kaifin basira, ya tare ni da tambaya kwanan baya: "Mutumina, kai da duk karatun nan naka, har yanzu ka yarda wai matacce ya tashi?" Babu raini a muryarsa, tausayina ma yake ji. A lokacin dariya na yi na share zancen, amma abin ya tsaya mini a rai. To ga amsata.

Ya fara ne da cewa kimiyya ta riga ta sallami Allah. A nan ba zan daɗe ba. Mutumin da ya kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa a 1927, ya kuma ce a 1931 duk abin daga tushe ɗaya ya faro, fada ne na Katolika ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Georges Lemaître. Einstein ma da farko bai karɓi zancensa ba. Abin da ya fi burge ni da shi, da aka so a mayar da bincikensa hujjar tabbatar da addini, shi da kansa bai so ba. Ni ma ba zan yi hakan ba. Iyakar abin da nake cewa, hankali da bangaskiya suna zama a kai ɗaya ba tare da sun kori juna ba.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne tarihi, domin Kiristanci ya ɗora kansa ne a kan abin da ya faru a wani wuri, a wani lokaci. Tacitus, marubucin tarihin Roma wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta wajajen shekara ta 116 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus, gwamnan da Roma ta naɗa a Yahudiya, zamanin sarki Tibariya. A 1961 kuma aka tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus ɗin. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda aka rubuta kimanin shekara 25 bayan gicciyewar, ta jero waɗanda suka ce sun ga Yesu da rai bayan mutuwarsa: Bitrus, almajiransa sha biyu, mutum fiye da 500 a lokaci guda, ya kuma ce yawancinsu suna nan da rai. Wato mai musu ya je ya tambaye su. A babi na 15 na wasiƙar nan dai, Bulus ya ce in ba a ta da Almasihu ba, bangaskiyarmu banza ce. Maƙaryaci ba ya nuna maka inda za ka kama shi.

Sai Yakubu ɗan'uwan Yesu. Bisharar Yohanna ta faɗa a fili cewa 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Amma Yakubun nan ne ya zama jagoran ikilisiyar Urushalima, kuma Josephus, Bayahude marubucin tarihi, ya rubuta cewa jifansa aka yi a shekara ta 62. Na tambayi abokina: me ƙanenka ko wanka zai yi maka har ka kira shi Ubangiji? Ya ce wataƙila ruɗu ne ya kama su. Amsa ce, ban hana ba. Sai dai ita ma tana bukatar a yarda da abin da ba a gani ba.

Ban ce wannan lissafi ne irin na biyu da biyu huɗu ba. Kuma gaskiya, ba a ɗakin karatu bangaskiyata ta kusa karyewa ba. A gefen gadon asibiti ne. Mahaifiyata ta yi wata biyar tana jinya. Na yi azumi, na yi addu'a har muryata ta dushe, ta rasu. Ina tuna daren ƙarshe, ina riƙe da hannunta da ya rame har zobenta yana zamewa, ruwan da ake ƙara mata yana ɗiga ina ƙirgawa don na rasa abin faɗa wa Allah. Masu cewa "da kana da isasshiyar bangaskiya da ta warke", Allah Ya yafe musu, ni kam na daɗe kafin na iya.

Wata uku ban taka coci ba. Abin da ya komo da ni Zabura ta 88 ce, wadda daga farko har ƙarshe kuka ce da ƙorafi, ta ƙare a cikin duhu ba tare da ko kalmar lallashi ba. Mamaki ya kama ni cewa an bar irin wannan a cikin Littafi Mai Tsarki. Ashe fushina yana da wurin zama a gidan. Ga Yesu kansa yana kuka a kabarin Li'azaru, ga shi a kan gicciye yana tambayar me ya sa aka yashe shi. Ban sami bayanin dalilin wahala ba. Na dai sami Allah wanda ya ɗanɗana ta. Da na gwada ɗaya hanyar, wato in ce mutuwarta rushewar jiki ce kawai, sai na kasa gane dalilin da ya sa zuciyata take ihun cewa abin bai dace ba. Bai dace da me ba, in babu yadda ya kamata abubuwa su kasance?

Abokina bai canja ra'ayi ba, ban kuma matsa masa ba. Shi ne ma ya kwana biyu tare da ni a asibitin nan, don haka kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya zage shi. Ya ce in mun sake haɗuwa zai kawo mini batun fastocin da suke cin kuɗin talaka da sunan mu'ujiza. Na ce masa ya zo, amma a wannan kam ina jin bakinmu zai zo ɗaya.