Gyadar da ta yi funfuna

'Yan uwana mata masu ƙuli-ƙuli, yau da kaina zan fara.

Jiya ina tsintar gyada a gidanmu nan Garwa, na ware baƙaƙen da suka yi funfuna, sun kai rabin kwano. Zuciya ta ce mini, "Mayar da su, in an soya an niƙa wa zai gane?" Na mayar kuwa. Ƙanwata mai karatun jinya tana kallona, ba ta ce uffan ba sai bayan isha'i.

Ta ce, "Yaya, kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da rubutu mai layi biyu, ana ce masa DNA. Kullum sai ya samu lahani sau dubbai." Amma Allah Ya ajiye masu gyara a ciki. Su yanke inda ya ɓaci, su dubi ɗaya layin su kwafo daidai, su liƙe. Kina barci ana yi miki, ko godiya ba ki yi ba. Masana uku da suka gano yadda aikin yake, cikinsu har da Aziz Sancar haifaffen Turkiyya, sun samu kyautar Nobel a 2015.

Ita funfunar gyada da masara guba take fitarwa, aflatoksin, kuma suya ba ta gamawa da ita. Hanta take nufa, ta manne wa rubutun nan. Masu gyara su cire, gobe mu ƙara musu. Ranar da guda ta kuɓuce ta faɗa kan wani sashe na rubutun da ake kira p53, mai gadin da ke hana lalatacciyar ƙwaya yaɗuwa, an buɗe wa kansar hanta ƙofa. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa, abin ya fi yi masa muni.

Haba jama'a! Kai mai zuba kyakkyawa a bakin buhu, ruɓaɓɓiya a ƙasa. Ke mai sayen ta arha don kunun da 'yan makaranta za su sha. Kai da ka ɗura masara a rumbu ba ta bushe ba. Duk mun san abin da Annabi (SAW) ya faɗa ranar da ya sa hannu cikin tulin abinci ya ji danshi.

Da asuba na zubar da kwaɓin gaba ɗaya, kuma wallahi asarar ta yi mini zafi. Yaran unguwa ne masu saye, wasunsu Inna suke ce mini.

Don Allah ku tsince. Ku shanya ta bushe ƙarau kafin a ɗura a buhu. Ku tsince, 'yan uwa, ku yi mini addu'a ni ma.