Ƙannena masu shiga sashen binciken laifuka, ku san labarin Huang Jinrong

Babu mai binciken da zai yi aiki ba tare da infoma ba. Ɓarawo ne ya san ɓarawo. Abin da nake so ku kiyaye shi ne inda kuɗi ke gangarawa tsakaninku da shi. In daga hukuma suke zuwa hannunsa, kai ne ubangida. Ranar da suka juyo daga aljihunsa zuwa naka, ko da kuɗin shayi ne, ka zama yaronsa da kaki a jikinka.

Huang Jinrong, wanda aka haifa a 1868, ya shiga 'yan sandan yankin da Faransa ke mulka a birnin Shanghai na ƙasar Sin a 1892. Faransawan ba su jin yaren gari, ba su san lunguna ba, don haka suka dogara da shi. Ainihin ofishinsa gidan shayi ne. Nan yake zama da safe, 'yan sane da masu gidajen caca suna zuwa suna raɗa masa labari. A sace wa attajiri agogo, kafin kwana biyu ya dawo, mai kaya ya ba da tukuici, ɓarawo ya samu kasonsa, manya kuma su rubuta cewa Huang gwani ne. Ku lura, ba a kama kowa ba. Kaya ya dawo babu mai laifi a hannu, wannan ita ce alamar farko da ya kamata ta tayar wa shugaba hankali.

Daga nan sai harka ta girma. Shi da Du Yuesheng da Zhang Xiaolin, manyan ƙungiyar 'yan daba da ake kira Qing Bang, suka kafa kamfanin Sanxin, suka mamaye cinikin opiyam, ƙwayar da ake haƙo hiroyin daga cikinta. Dillali ya biya kuɗin kariya, kayansa su tashi daga tashar jirgin ruwa zuwa sito lafiya. Wanda ya ƙi biya, a kai masa samame, a nuna wa jarida. Kamen gaske ne, amma share wa abokan ciniki kasuwa ake yi.

To, kai da ke farawa, ka yi wa infomanka rajista da saninin shugabanka. Kada ka gana da shi kai kaɗai, kada a gidansa ko shagonsa. Duk sisin da aka ba shi a rubuta, da kwanan wata da sa hannun shaida. In duk bayanan da yake kawowa a kan abokan hamayyarsa suke, tsaya ka tambayi kanka wa ke yi wa wani aiki. Kuma kada ya biya maka kuɗin asibiti ko na suna, domin irin wannan bashin ba a biyansa da kuɗi.

Wani zai ce ai Huang ya ci riba. Ya ci, har ya mallaki babban gidan wasanni na Shanghai mai suna Da Shijie. Amma lokacin da ya sa yaransa suka lakaɗa wa Lu Xiaojia, ɗan wani janar, duka a wani gidan wasa saboda wata mawaƙiya, sojoji suka zo suka yi awon gaba da shi. Kakin bai cece shi ba. Du Yuesheng, tsohon yaronsa, shi ya shiga tsakani aka sako shi, kuma tun daga nan girma ya koma hannun Du.

Zhang dai, mai gadinsa ne ya harbe shi a 1940. Du ya tsere Hong Kong a 1949. Huang ya zauna a Shanghai. A 1951 sabuwar gwamnatin kwaminis ta sa ya rubuta takardar tuba aka buga a jaridu, aka kuma ɗauke shi hoto, tsoho mai shekara 80 da ɗoriya, riƙe da tsintsiya yana sharar titi a ƙofar Da Shijie. Ya mutu a 1953.