Tukwicin da ake yanka a jirgin ruwan shaƙatawa albashin wani ne

Jama'a, akwai wata dabara da ke yawo a tsakanin masu zuwa hutu a manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, wai a daren ƙarshe ka je teburin karɓar baƙi ka ce a cire maka kuɗin tukwicin da aka ɗora maka, ka tsira da dalolinka. Ana ba da ita kamar wani sirri na masu wayo. Ni ban ga wayo a ciki ba, kuma zan faɗi dalilina.

Yawancin manyan kamfanonin da ke tashi daga Amurka suna ɗora wa kowane fasinja wani kuɗi kullum, ko ka nemi hidima ko ba ka nema ba. Royal Caribbean ta mayar da nata dala 18.50 a rana a ƙarshen 2024, masu manyan ɗakuna kuwa dala 21. Sauran ma duk a nan kusa suke, daga dala 16 zuwa ashirin da 'yan kai. Kowane mutum fa, ba kowane ɗaki ba. Kai da uwargida ku yi kwana 7 a kan dala 18.50, lissafi ya kai dala 259 tun ba ku sayi ko kwalbar lemo ba. Wanda ya ga tikiti a talla ya ce ai da sauƙi, bai ga wannan ba, don an rubuta shi da ƙananan haruffa can ƙasa.

Jiragen da ba a shiga da yara su ne suka fi rikita mutane, saboda kowa da tsarinsa. Saga ta Ingila, wadda sai ka kai shekara 50 take sayar maka da tikiti, ta haɗe tukwicin a cikin kuɗin tafiya. P&O, mai jiragen Arcadia da Aurora da aka sani da ɗaukar manya zalla, ta soke wannan kuɗin na kullum tun 2019. Jirgin Marella Explorer 2 ma haka, an gama magana tun a wurin biyan tikiti. Viking kuwa, wadda ba ta ɗaukar wanda bai kai 18 ba, tana da nata kuɗin na kullum a kan yawancin tikitocin da take sayarwa a Amurka, ga kuma kashi 15 cikin ɗari a kan abin sha. Sai Virgin Voyages ta Richard Branson, wadda jirginta na farko, Scarlet Lady, ya fara ɗaukar fasinja a 2021. Ita da wannan ta yi suna, cewa komai yana cikin tikiti, ba wanda zai dube ka da idon a ba ni. A ƙarshen 2025 sai ga shi ta ware tukwicin daban, wajen dala 20 a kowane dare ga wanda ya biya tun kafin tafiya. Don haka wanda ya dogara da labarin abokinsa da ya je shekara biyu da suka wuce, ya ƙi karanta takardarsa, zai sha mamaki.

To ina kuɗin nan yake zuwa? A nan ne nake so mu daɗe.

Mai gyaran ɗakinka, wanda kake gani da safe yana tura keken tawul a lungu, ya gaishe ka da sunanka tun rana ta biyu, galibi ɗan Filifin ne, ko Indonesiya, ko Indiya. Kwantiraginsa wata shida zuwa tara ne, kuma a cikinsu babu Asabar babu Lahadi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, abin da ta tanadar masa shi ne hutun awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ku cire 77 daga awa 168 da ke cikin mako, ku ga abin da ya rage na aiki. Jiragen da yawa suna ɗauke da tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bamuda, saboda haka mafi ƙarancin albashin Amurka ko na Ingila bai hau kansu ba, ko da kuwa daga Miami suka tashi. Abin da yake turawa gida, na makarantar yara da na maganin tsohuwa, wani kaso mai tsoka daga wannan kuɗin na kullum yake fitowa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ana raba kuɗin ne tsakanin masu ɗakuna, masu kawo abinci, da waɗanda ba za ka taɓa haɗa ido da su ba, irin masu wanke-wanke a kicin da masu wankin zanen gado a can ƙasan jirgi inda ko taga babu. Mai cewa "ni zan cire in miƙa wa wanda ya yi mini hidima hannu da hannu" yana da kyakkyawar niyya, ban musa ba. Amma ya taɓa ganin wanda ya wanke farantin da ya ci abinci a ciki? Ta ina zai miƙa masa?

Kada a ɗauka ina kare kamfanonin nan ne. Wallahi tsarin bai yi mini ba. Albashin ma'aikaci wajibin wanda ya ɗauke shi aiki ne, kuma mun san hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Abin da suka yi shi ne suka yanki wani ɓangare na albashin, suka sa masa sunan kyauta, suka ɗora a wuyan fasinja, don tikitin ya yi kyan gani a talla. Fasinja ba shi ma da hanyar sanin nawa ne ya isa hannun wa. Tunda Saga da P&O sun iya haɗe shi a tikiti kuma ba su durƙushe ba, babu uzurin da sauran za su kawo. Sai dai mai jin haushin tsarin ya san inda zai kai haushinsa. Ya sayi tikitin kamfanin da ya haɗe, ko ya rubuta musu ƙorafi. In ya tsaya a layi ya cire kuɗin, kamfani ko a jikinsa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Akwai kuma inda nake goyon bayan mai riƙe aljihunsa ɗari bisa ɗari. Duk abin sha da ka saya a yawancin jiragen nan, an riga an ɗora masa kashi 18 ko 20 cikin ɗari. Kada ka ce ai ni ba na shan giya, bai shafe ni ba. Kofin gahawa na musamman, ruwan 'ya'yan itace da aka matse a gabanka, har aski da tausa, duk akwai shi. Amma rasit ɗin da za a miƙo maka ka sa hannu, a ƙasansa akwai wani layi a buɗe na ƙarin tukwici. Mutanenmu akwai kunya, mai sabis yana tsaye yana murmushi, sai a ji nauyi a sake rubuta wani abu. Ka biya sau biyu ke nan. Duba sama tukuna, in ka ga an riga an ɗora, ja layi ka sa hannu, ba ka ci haƙƙin kowa ba. In ka ƙara, ya zama don ka ga dama ne.

Wanda zai tafi, tun yana gida ya tambaya a rubuce: tikitin nan da tukwici a ciki ko babu? In babu, ya ninka kuɗin rana da yawan kwanaki da yawan mutane, ya biya tun kafin ya tashi. Wannan ya fi muhimmanci ga mai tasowa daga Najeriya da katin naira, don kowa ya san yadda iyakar kashe kuɗi a waje da farashin dala suke canzawa, kuma tsakiyar teku ba wurin da za ka so kati ya ƙi aiki ba ne. Bayan haka ya ware ƙananan takardu, 'yan dala ɗaya-ɗaya da biyar-biyar, don waɗanda ba ma'aikatan jirgin ba ne kuma ba su da rabo a wancan kuɗin: ɗan dakon da ya karɓi akwatinka a tasha, direban bas da ɗan jagoran da suka zagaya da ku gari ranar da jirgi ya tsaya. Su a hannu ake ba su, kuma a wurin ba za ka sami mai yi maka canjin dala 100 ba.

In lissafin duka ya fi ƙarfin aljihu, a ɗauki ɗakin da ba shi da baranda, ko a rage tafiyar daga kwana 7 zuwa 5.