Famfon mai ya mutu ana tsakiyar gudu, ran wa aka sa a caca?

Raina a ɓace yake da yadda kamfanonin ƙera motoci suke tafiyar da maganar famfon mai. Mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya sayi mota, ya ɗauki iyalinsa ya hau babban titi, yana cikin shan gaban tirela sai inji ya ɗauke ɗif. Tanki cike da mai, direba bai yi ganganci ba, bai kuma yi sakaci da sabis ba. Wani ɗan abu ne da ke nutse cikin tanki, wanda bai taɓa gani da idonsa ba, ya daina aiki. Waɗanda suka sa masa abin kuwa sun jima da sanin cewa irinsa yana mutuwa.

Aikin famfon shi ne ya zuƙo mai daga tanki ya tura wa inji. A cikinsa akwai wata 'yar farfela ta roba da ke juyawa. A famfunan da kamfanin Denso na Japan ya yi wa kamfanonin motoci da dama, wasu farfelun ba su samu ƙwarin da ya kamata ba wajen ƙira. Sai robar ta riƙa shan mai tana kumbura, ta lanƙwashe, ta fara gugar jikin famfon, daga nan ta cije. Da ta cije, mai ya yanke. Wani lokaci motar takan yi gargaɗi, inji ya riƙa kakarewa ko ta yi gardamar tashi, ko wutar gargaɗi ta kama a gaban direba. Wani lokaci kuwa ko alama babu. Kuma duk direba ya san abin da mutuwar inji ke jawowa: a motoci da yawa sitiyari yakan yi nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya ƙage. Wanda ke biye da kai a guje fa, wa ya gaya masa ka tsaya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka riƙa sakin gaskiyar da kaɗan-kaɗan. A watan Janairun 2020 Toyota ta sanar da kiran motoci kusan 696,000 a Amurka don a canza musu famfo, ciki har da Camry da Corolla da Highlander da wasu samfuran Lexus. Wanda motarsa ba ta cikin jerin ya yi ajiyar zuciya, ya ci gaba da harkarsa. A watan Maris adadin ya koma kusan miliyan 1.8. Kafin ƙarshen Oktoba na shekarar ya haura miliyan 3.3 a Amurka kaɗai. To wanda aka bari a Janairu, aka tuna da shi a Oktoba, wa ke da alhakin watannin da ya yi yana yawo da 'ya'yansa a kan famfon da zai iya tsayawa kowane lokaci? Famfon bai canza ba tsakanin Janairu da Oktoba. Lissafin kamfani ne ya canza.

Honda ma ta yi nata kiran a 2020, ta ƙara faɗaɗa shi daga baya, sannan a Disambar 2023 ta kira motoci sama da miliyan 2.5 a Amurka, su Accord da Civic da CR-V da Odyssey. Kusan shekara huɗu kenan ana abu ɗaya! Kuma kafin wannan babban kiran, a watan Yulin 2023, wata ƙaramar motar Honda ƙirar N-Box ta mutu a cikin hanyar ƙarƙashin dutse a yankin Tottori na Japan, wata motar ta daka mata ta baya, mutum ya rasa ransa. Ihu bayan hari kenan. Subaru da Mazda su ma sun kira nasu saboda famfon kamfanin Denso ɗin nan. Sai ga Ford a watan Yulin 2025 ta kira motoci sama da 850,000 a Amurka kan nata matsalar famfon mai, tana cewa maganin gyaran ana kan aikinsa tukuna. Wato an shaida wa mutum cewa motarsa na iya mutuwa a kan titi, amma ya jira. Ya jira a ina? Ya ajiye motar ya tafi aiki da ƙafa?

Za a ce ai gyaran kyauta ne. Haka ne, kuma dole ya zama kyauta, ba alfarma aka yi wa kowa ba. Amma kyautar ta tsaya ga wanda labari ya kai wa. Wasiƙar kira tana zuwa ne ga sunan da adireshin da ke cikin rajista. Mota kuwa ba ta zama hannu ɗaya. Ana sayar da ita, a sake sayarwa, a yi gwanjonta, a loda ta a jirgin ruwa ta tsallaka teku zuwa ƙasar da kiran bai shafa ba. Mai motar hannu, wanda galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, ba wanda zai aiko masa da komai. Ranar da motar ta mutu zai kai wa makaniki, a ce masa gurɓataccen mai ya sha, a wanke tanki, a canza fulogi, ya biya. Ta sake mutuwa, ya sayi sabon famfo da kuɗin aljihunsa, ya biya kuɗin laifin da ba nasa ba, in ma Allah ya sa ya tsira da ransa kenan. A Amurka doka ta hana dila sayar da sabuwar mota da ke da kiran da ba a gyara ba, amma wannan hanin na tarayya bai hau kan motocin hannu ba. Wace irin doka ce wannan, da ke kare mai sayen sabuwa ta bar mai sayen tsohuwa?

Kamfanin da ya san lambar kowace mota da ya ƙera, da ranar da aka ɗaura mata famfo, da masana'antar da famfon ya fito, ba zai ce mini ya kasa bin sawun motocinsa ba. Idan talla ce, sun san yadda za su same mu har cikin wayoyinmu. Ranar da aka gano farfela tana kumbura ya kamata a kira duk motar da ake zargi gaba ɗaya, a ba wanda gyaransa zai jinkirta motar aro, kuma a karɓi gyaran a duk ƙasar da motar ta faɗa, ko hannu nawa ta bi.

Kafin su ga dama, nauyin ya dawo kanmu, kuma wannan ma zalunci ne. Galibin motoci suna da lambar shaida da ake kira VIN mai haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ƙofa. Hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka tana da shafin intanet da za ka sa lambar ka ga ko akwai kiran da ba a gyara ba, manyan kamfanonin ma suna da irinsa. Ka duba taka yau, musamman in motar ta fito tsakanin 2017 da 2020. In ta fara kakarewa ko gardamar tashi, kada ka bari a lallashe ka da zancen gurɓataccen mai kafin a gwada ƙarfin famfon.