Babu dokar da ta hana matan Ingila hawa dandali

Wanda ya fara fitowa a matsayin Juliet, budurwar da ke cikin wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Romeo and Juliet, a gaban mutanen Landan yaro ne. A zamanin Shakespeare, a gidajen wasa irin su Globe da aka gina a 1599, samari 'yan shekara 12 zuwa 21 ake saka wa rigar mata da gashin aro, a shafa musu farar hoda. Yaran manyan 'yan wasa ne masu koyon sana'a, kuma da zarar muryar yaro ta yi kauri sai a nemi wani.

Mutane da yawa sun ɗauka doka ce ta jawo haka. Babu wata doka. Al'ada ce da malaman coci masu tsattsauran ra'ayi suka tsaya mata, da sunan kare mutuncin mace. Wannan hujjar ce ban yarda da ita ba, domin ba ta hau kowa da kowa ba. A 1605 Sarauniya Anne da matan fadarta sun fito a wasan rawa a fadar Whitehall, da ado na kece raini, babu wanda ya kai su kotu. Amma a 1611 da wata talaka, Mary Frith, ta hau dandalin Fortune da kayan maza tana kaɗa molo tana waƙa, sai da ta gurfana a kotun coci. Kai, lauya William Prynne da ya zagi mata 'yan wasa a littafinsa, aka ɗauka da Sarauniya Henrietta Maria yake, domin ita ma tana fitowa a wasa a fada, a 1634 yanke masa kunnuwa aka yi. Matar sarki tana da mai tare mata faɗa. Wadda aka toshe wa hanya ita ce mai neman abin sawa a bakin salati, alhali a Italiya 'yar wasa Isabella Andreini ta daɗe da yin suna da wannan sana'a.

Masu wa'azin ma ba su gamsu da yaran ba, suna cewa Attaura ta hana namiji saka tufafin mace. Ashe wasan ne gaba ɗaya ba sa so, kuma a 1642 majalisa ta rufe gidajen.

Da Sarki Charles na Biyu ya dawo daga gudun hijira a 1660, sai aka buɗe su. Ranar 8 ga Disamba na shekarar, mace ta fito a matsayin Desdemona, matar Othello a wasan Shakespeare. Takardar izinin da sarki ya ba mai gidan wasa Thomas Killigrew a 1662 ta ce mata su riƙa fitowa a matsayin mata, kuma hujjarta ita ce gyaran tarbiyya. Hujjar da aka kore su da ita jiya, da ita aka shigo da su yau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasannin da aka yi tsakanin 1660 da 1700 suna da wurin da mace za ta saka matsattsen wandon maza, don 'yan kallo su ga ƙafafunta. Masu gidajen wasa sun gano akwai kuɗi a ciki. Duk da haka mata irin su Elizabeth Barry suka riƙe sana'ar da gaske, har a 1695 ta zama ɗaya daga cikin masu hannun jari a kamfanin da take wa wasa.